Fim ɗin Tom Brown da yaron da aka gasa a bakin murhu: haka makarantun kwana na Ingila suke?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Turanci ce a wata makarantar kwana. Kwanan nan na kalli wani tsohon fim na Ingila marar kala mai suna Tom Brown's Schooldays, inda manyan ɗalibai suka kama wani ƙaramin yaro suka kara shi a bakin wuta har ya suma. Da gaske an yi irin wannan a makarantunsu, ko dai ƙarin gishiri ne na 'yan fim? Ina malamai suke lokacin da ake wannan aika-aika? Kuma ya dace in nuna wa ɗalibaina fim ɗin don su guji cin zali?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Babu ƙarin gishiri a wurin gashin nan. Yana cikin littafin da aka ɗauko fim ɗin daga gare shi, kuma wanda ya rubuta littafin tsohon ɗalibin makarantar ne. Bayan ya gama ba da labarin gashin, da kansa ya tsaya ya ce yana fatan irin wannan ba zai ƙara yiwuwa a makaranta ba, amma shi yana rubutu ne a kan makarantu kamar yadda suke a zamaninsu, don haka dole ya kawo sharrin tare da alherin. Inda 'yan fim suka sa hannu wani wuri ne daban, kuma shi ne ya fi damuna idan ana maganar nuna wa yara. Zan zo kansa.

Finafinai marasa kala masu magana guda biyu ne aka yi a kan wannan labari. Akwai na Amurka na 1940 wanda Robert Stevenson ya ba da umarni, inda Cedric Hardwicke ya fito a matsayin shugaban makaranta, Billy Halop kuma ya fito a Flashman, wato bos ɗin fim ɗin. Halop ɗan Amurka ne da ya yi suna a finafinan 'yan daban titunan New York, kuma kunne yana jin hakan a bakinsa. Sai na Ingila na 1951, wanda nake kyautata zaton shi kika kalla, don shi ya fi yawo. Gordon Parry ne daraktansa, Noel Langley ya tsara labarin, kuma an ɗauki yawancinsa a harabar makarantar Rugby ta gaske. Yaron da ya fito a Tom shi ne John Howard Davies, wanda ya fito a Oliver Twist a 1948. Robert Newton, wanda ya fito a mugu Bill Sikes a wancan fim ɗin, shi aka ba rawar Dakta Arnold, shugaban makarantar, a nan, ya kuwa yi ta cikin natsuwa da kamun kai. John Forrest ne Flashman, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan fim ɗin, saboda muguntarsa ba ta ihu da zare ido ba ce. Yana yin ta ne hankali kwance, kamar wanda ya san babu mai tambayar sa. Bayan waɗannan akwai na bebaye na 1916, da mai dogon zango na BBC a 1971, da na talabijin na 2005 inda Stephen Fry ya fito a Arnold.

Littafin ya fito a 1857. Thomas Hughes ya rubuta shi, lauya ne wanda daga baya ya zama ɗan majalisa kuma alƙali. Ya yi karatu a Rugby daga 1834 zuwa 1842, a ƙarƙashin Dakta Thomas Arnold wanda ya shugabanci makarantar daga 1828 har rasuwarsa a 1842. Hughes ya fara rubutun ne saboda ɗansa mai shekara takwas da ake shirin kai wa makaranta, kuma bai ɓoye ba cewa manufarsa ita ce ya yi wa yara wa'azi. Don haka littafin ba na tonon silili ba ne. Mutum ne mai ƙaunar makarantarsa, mai ganin girman malaminsa matuƙa. Wannan ya sa nake yarda da shi idan ya faɗi munin wurin, domin masoyi ba ya ƙaga wa abin da yake so aibi.

Kin tambayi inda malamai suke. Suna gidajensu. Waɗannan makarantu na 'ya'yan masu hali, irin su Eton da Winchester da Harrow da Rugby, an gina su ne a kan fahimtar cewa aikin malami ya koyar da Latin da Girkanci a aji, ya yi bulala idan an yi laifi, shi ke nan. Abin da yara suke yi wa juna bayan an tashi daga aji harkarsu ce. A Eton akwai wani dogon ɗakin kwana da ake kulle ɗaliban da ke karatu kyauta a ciki tun da almuru har wayewar gari, manya da ƙanana a haɗe, babu wani babba tare da su. A Eton ɗin dai, a 1825, wani yaro ɗan gidan sarauta, ɗan Earl na Shaftesbury, ya mutu bayan doguwar dambe da wani ɗalibi, sauran yara suna kewaye da su suna kallo. Shugaban makarantar na wancan lokaci, John Keate, ya yi suna da bulala har an rubuta cewa ya zane yara kusan 80 a rana guda a 1832. Rugby kanta ta ga tawaye a 1797, lokacin da ɗalibai suka fasa ƙofar shugaban makaranta da albarushi suka ƙona kayan aji, sai da aka kira sojoji kafin ƙura ta lafa. Irin gidan da Arnold ya gada ke nan: malamai ƙalilan, yara da yawa, bulala da rana, da dare kuma mai ƙarfi shi ke da iko.

A cikin wannan hali akwai wani tsari da doka ta amince da shi, wato barantakar ƙanana ga manya. Hughes ya bayyana shi dalla-dalla. Daga cin abincin dare zuwa ƙarfe tara, ana jera ƙananan yara uku a baranda suna jiran kira. Da zarar wani firifet ya ƙwala kira daga ɗakinsa sai su ruga a guje, wanda ya zo ƙarshe shi zai yi aikin: ɗebo burodi da cuku, goge mazaunin kyandir, kai saƙo. Ban da wannan, kowane firifet yana da yara uku ko huɗu da ke share masa ɗakin karatu kowace safiya. A madadin haka ana cewa shi ne mai kare su da ba su shawara. Sabon shiga kuma yana da nasa rabon: a daren waƙa zai hau tebur ya rera waƙa, idan ya kasa a ɗura masa kofin ruwan gishiri. Daga nan a bi ɗakunan kwana a jawo yara daga ƙarƙashin gado, a ɗora su a bargo a riƙa cilla su sama har su bugi rufin ɗaki. Tom ya sha wannan a darensa na farko.

Gashin kuwa ga yadda ya faru a littafin. Lokacin babbar sukuwar Derby manyan yara sukan haɗa caca, a ƙwace sulen da ake ba kowane yaro na mako a zuba a ciki, ko yana so ko ba ya so. Tom ya ciri takarda mai sunan Harkaway, dokin da ake ganin zai iya yin nasara. Flashman da mutanensa suka nemi ya sayar musu da ita da araha, ya ƙi. Sai suka danne kafaɗunsa a jikin katakon saman murhun ɗumama zaure, wuta tana ci a bayansa, Flashman ya ja wandonsa ya matse shi a cinya don zafin ya ƙara shiga. Ana tambayar sa ko zai sayar, ba ya amsawa. Abokinsa East ya ruga ya kira wani babban ɗalibi mai suna Diggs, kafin su iso Tom ya suma.

Abin da ya biyo baya shi nake so ki lura da shi. Matar da ke kula da gidan ta zo ta ga ƙunar, ta ji ƙaurin tufafi, ta tambayi yadda aka yi. Babu wanda ya buɗe baki. Ta ce za ta faɗa wa Dakta, aka ci gaba da shiru. Tom da ya farfaɗo shi ma bai faɗi ko kalma ba, kuma Hughes ya rubuta cewa Dakta bai taɓa sanin fiye da abin da matar ta sani ba. Wannan shiru Hughes yabonsa yake yi. A wurinsa shi ne shaidar cewa Tom namiji ne. Wasu daga cikin waɗanda suka taya gashin har suka zo suka ba shi haƙuri, don sun ga bai kai ƙara ba. To fa Malama, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu da ya kalli wannan, darasin da zai ɗauka a bayyane yake: idan an cuce ka ka haɗiye, mai kai ƙara shi ne abin ƙyama. Kin san kuwa wannan ita ce dokar da ba a rubuta ba a yawancin ɗakunan kwanan ɗalibai, kuma ita ce garkuwar kowane azzalumin siniya.

Yanzu ga inda 'yan fim suka sauya labari. Littafin kashi biyu ne. Flashman yana kashi na farko kaɗai, kuma an sallame shi tun kafin ƙarshen wannan kashi. George Arthur, yaron nan maraya marar ƙarfi wanda aka damƙa wa Tom amanarsa, sai a kashi na biyu ya iso, don haka a littafin shi da Flashman ba su taɓa haɗuwa ba. Fim ɗin 1951 ya jawo Arthur gaba ya haɗa su a lokaci ɗaya, haka ma na 2005. Dalilin a fili yake: fim yana buƙatar jarumi da bos da wanda za a cece shi, kuma yana buƙatar bos ya kai ƙarshe sannan asirinsa ya tonu a kore shi, 'yan kallo su tashi da sanyin zuciya. Ta fuskar sana'ar fim dabara ce mai kyau. Amma ta mayar da matsalar gaba ɗaya ta zama ta mugun yaro guda, wanda da an fitar da shi makaranta ta tsarkaka.

Littafin ya fi haka gaskiya, ko da marubucin bai yi nufin ya kai can ba. Ba saboda gashin Tom aka kori Flashman ba. Ya ci gaba da zamansa bayan gashin. Ya ci gaba bayan Tom da East sun haɗu su biyu sun yi dambe da shi har kan Flashman ya fashe a jikin benci, sai ma ya koma ɓata musu suna a wurin manya, abin da ya daɗe yana bin su. Abin da ya fitar da shi giya ce: ya je wani ƙauye mai suna Brownsover ya sha ya bugu har aka ɗauko shi ranga-ranga, wani malami ya gani, washegari Dakta ya shirya tafiyarsa. Laifin da ya fito fili idon malami ya gani shi aka hukunta. Wanda aka yi a cikin zaure a gaban yara da dama, har fatar yaro ta ƙone, bai taɓa isa ofis ba.

Akwai kuma babin da Tom da East suka yi tawaye suka ƙi yi wa Flashman aike, suka kulle kansu a ɗaki ana dukan ƙofa. Mai kallon fim zai ɗauka barantakar suke yaƙa. A littafin ƙorafinsu ya fi haka ƙunci: doka ta ba 'yan aji shida kaɗai ikon aiken ƙanana, Flashman kuwa ɗan aji biyar ne, don haka ya ci haƙƙin da ba nasa ba. Ba su taɓa tambayar ko ya dace wani yaro ya zama baran wani yaro ba. Hughes ma bai tambaya ba. A ganinsa abin ya lalace ne saboda firifet ɗin da ke gidan a wannan shekarar raunana ne, da Brooke babba, wani babban ɗalibi mai kwarjini da ya riga ya bar makarantar, yana nan da ba a yi haka ba.

Wannan dogaro da firifet shi ne ainihin gyaran Arnold, kuma ya kamata a yi masa adalci. Mutum ne mai tsoron Allah bisa addininsa na Kirista, kuma ya ɗauki tarbiyya da gaske a lokacin da takwarorinsa ba su ɗauka ba. Ya jera abin da yake nema a wurin ɗalibi: na farko addini da ɗabi'a, na biyu halin dattako, na uku ƙwazon karatu. Ya karɓi aikin limancin cocin makarantar yana yi wa yara huɗuba duk Lahadi. Yana karɓar maganar yaro ba tare da neman shaida ba, har yaran suka riƙa cewa abin kunya ne a yi wa Arnold ƙarya tunda kullum yarda yake yi. Yana korar duk wanda ya ga zai ɓata sauran, ba ya duba kuɗin makarantar da za a rasa. Sai dai bai ƙara idon manya a ɗakunan kwana yadda za a ce an rufe ɓarakar ba. Abin da ya yi shi ne ya jawo 'yan aji shida jikinsa, ya koyar da su da kansa, ya ɗora musu nauyin gidan, ya tabbatar musu da ikon aike da ikon duka. Bai soke bulala ba, bai soke barantaka ba, ya ma kare su a rubuce. A littafin akwai wurin da Dakta ya samu labarin wani mummunan cin zali a wani gida, maganin da ya ga ya dace shi ne ya tura wani ƙaƙƙarfan firifet mai suna Holmes ya zane mai laifin a gaban kowa.

Tsarin yana aiki idan an dace da yaro nagari a sama. Idan ba a dace ba, azzalumi ya samu lasisi. Almajiran Arnold sun bazu sun shugabanci wasu makarantu, littafin Hughes kuma ya sayar da hoton Rugby ga iyaye masu tasowa a arziki, tsarin firifet ya zama ruwan dare. A Winchester a 1872 wani firifet ya yi wa wani ɗalibi bulala 30 da tsumagiya saboda ya ƙi zama jarrabawar kalmomin gargajiyar makarantar, maganar ta kai jaridar The Times aka yi ta cece-kuce. Marubuci Roald Dahl, wanda ya yi Repton wajen 1930, ya ba da labarin yadda ake tura shi ya zauna a kan mazaunin masai na waje cikin tsananin sanyi don ya ɗumama wa wani babba. Eton ba ta soke barantaka ba sai 1980. Dukan ɗalibai kuwa majalisar dokokin Birtaniya ta hana shi a makarantun gwamnati a 1986, da ratar ƙuri'a ɗaya tak, 231 da 230, makarantun kuɗi na Ingila kuma hanin bai kai gare su ba sai 1999. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: Flashman mugu ne, amma gidan da aka ajiye shi a ciki ya ba shi duhu da shiru da ƙananan da aka riga aka koya wa biyayya.

Akwai jawabin da Brooke babba ya yi wa yaran gidan a daren zuwan Tom, wanda ke nuna tunanin zamanin. Ya ce ya san ana cin zali da yawa, amma ba ya shiga, don shigarsa sai ta sa abin ya koma ɓoye, ta kuma koya wa ƙanana zuwa kai ƙara suna kuka. Ya ce jure wa abin zai sa su fi iya ƙwallo. Sannan ya ce azzalumai matsorata ne. Maganar ƙarshen nan ta yi ta yawo a bakin iyaye da malamai har yau, kuma ba ta cika gaskiya ba. Flashman ɗin littafin yana da ƙarfi, yana da kuɗi, yana ciyar da abokai, ya iya fadanci a wurin waɗanda suka fi shi, shi ya sa yake da jama'a. Masu bincike na zamani sun tarar da haka. Dan Olweus, wanda ya fara nazarin cin zali tsakanin ɗalibai a ƙasashen Sweden da Norway tun shekarun 1970, ya nuna cewa ginshiƙin abin shi ne rashin daidaiton ƙarfi da maimaitawa, kuma masu yinsa galibi ba masu raina kansu ba ne. Ce wa ƙaramin yaro ya rama da kansa, alhali rashin daidaiton ƙarfi shi ne tushen matsalar, ɗora masa nauyin da na manya ne. Tom ya yi nasara don marubuci ya ba shi ƙarfin jiki da aboki irin East. Hughes da kansa ya buga wasiƙar wani abokinsa a gabatarwar bugu na shida, inda mutumin ya roƙe shi ya duba halin yara masu rauni da tsoro waɗanda juriya ba ta ƙarfafa su sai dai ta karya su, ya kuma ba da shawarar a raba yara bisa shekaru.

Mutumin da na fi so a labarin gaba ɗaya shi ne Diggs. Babban yaro ne, kuɗi ba sa zama a aljihunsa, tufafinsa sun yi masa kaɗan, ba shi da muƙami kuma ba ya neman farin jini. Shi ya ƙarfafa wa su Tom gwiwa su ƙi aiken da ba bisa doka ba, shi ya shigo ya tsayar da gashin, shi ya tsaya ya ga an yi damben nan ba tare da an taru a kan ƙanana ba. Christina Salmivalli ta ƙasar Finland ta nuna a bincikenta na shekarun 1990 cewa cin zali aikin taro ne: akwai mai yi, akwai masu taya shi, akwai masu dariya, akwai masu kau da kai, akwai ƙalilan masu karewa. A kan wannan aka gina shirin KiVa na makarantun ƙasar, wanda ya fi mayar da hankali kan 'yan kallo. A zauren da aka gasa Tom, a littafin yaro ɗaya ko biyu ne kawai suka yi jinkiri, sauran suka sa hannu.

Turawan Ingila da kansu sun daɗe suna mayar wa wannan labari martani. A 1968 Lindsay Anderson ya fitar da fim ɗin If...., inda firifet ɗin da kansu su ne azzaluman, da cikakken goyon bayan hukumar makaranta, kuma fim ɗin ya ci babbar kyautar Cannes a 1969. A shekarar 1969 ɗin George MacDonald Fraser ya ɗauko Flashman daga ranar da aka kore shi ya rubuta masa ci gaban rayuwa: ya shiga soja, ya tafi yaƙin Afghanistan, yana gudu yana ƙarya ana ba shi lambobin yabo. Littattafan na ban dariya ne, amma tushensu gaskiya ce mai ɗaci, cewa kora ba ta gama da ɗan mai kuɗi. Akwai kuma ɗan Najeriya, Dillibe Onyeama, wanda ya gama Eton a 1969 ya buga littafi a 1972 a kan wariyar launin fata da cin mutuncin da ya sha a can. Makarantar ta hana shi shiga harabarta, sai a 2020 shugabanta ya ba shi haƙuri a bainar jama'a.

Ban kawo miki wannan tarihi don labarin wata ƙasa mai nisa ba. Jami'an ilimi na mulkin mallaka yawancinsu 'ya'yan irin waɗannan makarantu ne, kuma abin da suka sani shi suka shuka. Kwalejin Katsina da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, wadda ta koma Kaduna a 1938 sannan Zariya a 1949, inda ake kiran ta Barewa a yau, an tsara ta ne a kan wannan salo: kwana a makaranta, raba ɗalibai gida-gida, shugabancin manyan ɗalibai, wasanni don gina hali. Har wasan Fives na Eton, wanda ake buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, ya samu gindin zama a Katsina da wasu garuruwan Arewa, kuma Sardauna Ahmadu Bello yana cikin masu sonsa. Tsarin ya fitar da manyan mutane, babu mai musu. Amma kyaftin ɗin gida, da firifet, da siniya mai aiken juniya ya ɗebo masa ruwa ya wanke masa kaya ya miƙa masa garinsa da sukarinsa, duk jikokin wancan tsari ne. Ya kuma tarar da al'adarmu ta girmama na gaba, wadda abu ce mai kyau a gida inda iyaye ke sa ido, amma a hostal da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, inda yaro ɗan sha bakwai ke mulkin ɗan sha ɗaya ba tare da babba a kusa ba, tana iya zama abin fakewa.

To ki nuna musu? Ki nuna, na 1951 ɗin, ga 'yan babbar sakandare musamman waɗanda ake shirin ba muƙami. Babu batsa a cikinsa, kuma Turancinsa ya fi na littafin sauƙi. Amma kada ki kunna ki koma gefe har ya ƙare, don idan ya tafi yadda aka tsara shi, kowane siniya a ɗakin zai ga kansa a Tom, babu wanda zai ga kansa a Flashman, su tafi da yaƙinin cewa tunda ba su taɓa gasa kowa ba to ba da su ake ba. Ki tsayar da shi bayan gashin ki tambaye su mutum nawa ne a zauren, kuma me kowannensu ya yi. Ki tambaye su me zai sami Tom a makarantarku idan ya faɗi sunan wanda ya ƙona shi, sannan ki saurari amsar da kyau, don a nan za ki ji halin da hostal ɗinku yake ciki fiye da abin da kowane rahoton firifet zai gaya miki. Ki faɗa musu cewa a littafin giya ce ta kori Flashman, ki bar su su yi muhawara a kan abin da hakan ke nufi.

Ina kuma roƙon ki da ki gayyaci malaman da ke kula da ɗakunan kwana da mataimakin firinsifal su zauna a kallon. Tambayarki ta biyu tasu ce. Idan za a tambayi yara su daina shiru, wajibi ne a riga an tanadi wanda za su faɗa wa a asirce, da tabbacin cewa ba za a kira su gaban asambili a haɗa su da wanda suka kai ƙara ba, da babban da ke kwana kusa da su yana zagayawa a lokutan da ba a zata ba. Yaron da ya kai ƙara aka mayar da shi ɗakin da ya fito a daren nan ba tare da kariya ba, ba zai sake kai wa ba, waɗanda suka gani ma ba za su fara ba.

Littafin ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana samun sa kyauta a intanet. Babukan farko masu bayanin ƙauyen su Tom suna da nauyi ga ɗalibi, kina iya tsallake su. Ki fara daga babi na biyar na kashi na farko, inda Tom ya isa Rugby. Tawayen da gashin suna babi na takwas, damben da korar Flashman kuma suna babi na tara.